Daga Gidan Waya zuwa Salula: Tarihin Buɗe Kasuwar Sadarwa a Nijar da Yadda Ta Iske Ƙasar Yelu

A ranar 26 ga watan Oktoba na shekarar 1999, gwamnatin riƙon ƙwarya ta soja da Manjo Dauda Malam Wanke yake jagoranta ta fitar da dokoki biyu waɗanda suka sauya fasalin harkar sadarwa a Jamhuriyar Nijar. Ta farko, mai lamba 99-044, ta kafa hukumar sa ido a kan fannoni da dama, wadda aka fi sani da ARM, aka ɗora mata alhakin daidaita harkokin ruwa da makamashi da sufuri da sadarwa. Ta biyu kuwa, mai lamba 99-045, ita ce ta tsara harkar sadarwa kanta, ta kuma buɗe wa kamfanoni masu zaman kansu ƙofar shiga kasuwar da gwamnati ta riƙe ita kaɗai tun zamanin mulkin mallaka. Shugaban da aka yi dokokin a ƙarƙashinsa haifaffen Yelu ne, garin da ke cikin gundumar Gaya ta jihar Dosso, kuma ƙasar tasa tana daga cikin wuraren da suka fi dacewa a auna abin da dokokin suka haifar, domin karkara ce ta manoma da ƴan kasuwa, tana kuma zaune kusa da inda Nijar da Nijeriya da Benin suka haɗa iyaka. Abin da shekarun baya suka tabbatar shi ne gasa tsakanin kamfanoni da yawa ce ta kai waya ƙauyukan wannan yanki, kuma wannan gasa tana da wurare biyu da takan ja da baya, wato inda riba ta ƙare da inda iyakar ƙasa ta gitta.

Ƙasar Yelu da hanyoyin labari na dā

Yelu ƙaramar hukuma ce ta karkara, ɗaya daga cikin waɗanda aka kafa a shekarar 2002 lokacin da Nijar ta rarraba mulki zuwa ƙananan hukumomi, kuma ƙidayar 2012 ta sami fiye da mutum 60,000 a cikinta. Ƙasar tana kwance a yankin kwarin Dallol Mawri da na Dallol Foga, tsoffin hanyoyin ruwa da suka ƙafe tun da daɗewa amma ruwan ƙarƙashinsu bai yi zurfi ba, abin da ya sa ake noman rake da rogo da dankali da shinkafa a fadamunsu, ga kuma dajin giginya da ake samun muruci da azara a cikinsa. Tsoffin mazauna garin Kyangawa ne, waɗanda yawancinsu Hausa suke yi a yau, suna zaune tare da Hausawa da Dandawa da Zabarmawa da Fulani, kuma dangin da yawa daga cikinsu suna hayin iyaka, a Kamba da ƙauyukanta cikin jihar Kebbi. Tun kafin zuwan Turawa ana dafa gishirin Foga daga ƙasa mai gishiri a wurare irin su Kawara Debe, fatake suna lodinsa a jakuna zuwa kasuwanni masu nisa, kuma ɗaya daga cikin hanyoyin fataken goro tsakanin ƙasar Hausa da Gwanja ta ƙetare kogin Kwara ne a wajen Gaya da Illo.

A irin wannan ƙasa labari jari ne. Bafataken da ya san farashin gishiri a Jega, ko ya ji cewa hanya kaza ba ta biyuwa, ya riga ya ci rabin ribarsa kafin ya ɗaure kaya, saboda haka madugu da mai masauki da dillali su ne suke riƙe da labari, kuma saurin labarin bai wuce saurin ayarin da ya ɗauko shi ba. Yarjejeniyoyin da Faransa da Ingila suka ƙulla a 1898 da 1904 da 1906 sun raba yankin gida biyu, kowace daula ta ja wayar tangarahonta tana haɗa barikokin mulkinta da babban birninta, ba tare da la'akari da kasuwa ko zumunta ba. Wannan tsari ya daɗe bayan samun ƴancin kai a 1960, har ta kai a shekarun farko kiran tarho tsakanin ƙasar da Faransa ta mallaka da maƙwabciyarta da Ingila ta mallaka yakan bi ta Paris da London kafin ya isa. Talakan Yelu kuwa ya ci gaba da hanyoyinsa: wasiƙar da malami ya rubuta da ajami ko ɗan makaranta ya rubuta da boko a ba direba a tasha, kaset ɗin da ɗan ci-rani ya naɗi muryarsa a Legas ko Kotonu iyali su taru su saurara, da sanarwar rasuwa ko ta cigiya a gidan rediyo.

Zamanin gidan waya

Bayan ƴancin kai, harkar wasiƙa da ta tarho suna hannun ofishi ɗaya na gwamnati, wato OPT, wanda jama'a suke kira gidan waya, daga baya kuma aka kafa kamfanin STIN domin kula da kiran ƙasashen waje. A shekarar 1997 aka raba wasiƙa da tarho, aka haɗa sashen tarho na OPT da STIN suka zama kamfanin SONITEL. Tsarin da aka bi duk tsawon wannan lokaci shi ne babakere, wato mai sayarwa ɗaya tak da doka ta hana kowa yin gogayya da shi, kuma hujjar da ake bayarwa a kusan duk duniya ita ce jan wayar tagulla zuwa kowane gida aiki ne mai cin dukiya, wanda ba ya yiwuwa kamfanoni biyu su yi shi a titi ɗaya. Hujjar tana da tushe a zamanin wayar girke, sai dai a Nijar ta haifar da kamfani mai wuƙa da nama amma marar jari, wanda ma'aikatun gwamnati suke cikin manyan masu amfani da layukansa, suke kuma cikin masu jinkirin biyan kuɗi. A wajen shekarar 2000 layukan tarho na ƙasar baki ɗaya kimanin 20,000 ne, ga al'ummar da ƙidayar 2001 ta sa a kan miliyan 11, wato layi bai kai biyu ga kowane mutum 1,000 ba, kuma mafi yawansu a Yamai suke. A gari irin Gaya tarho kayan ofis ne da na manyan ƴan kasuwa, sauran jama'a sai su bi layi a gidan waya ko a rumfunan buga waya na haya da suka bazu a birane cikin shekarun 1990, mutumin ƙauye kuma sai ya yi tattaki ya zo gari kafin ya yi magana ta minti uku.

Iskar sauyi daga waje ta taso. A 1984 Amurka ta wargaza babban kamfaninta na AT&T, Ingila ta sayar da hannun jarin British Telecom, a 1996 majalisar Amurka ta yi sabuwar dokar sadarwa, a watan Fabrairun 1997 ƙasashe da dama suka cimma yarjejeniyar buɗe kasuwannin sadarwa ƙarƙashin Ƙungiyar Ciniki ta Duniya, sannan Tarayyar Turai ta buɗe tata kasuwar gaba ɗaya a ranar 1 ga Janairun 1998. A Afirka ta Yamma, Senegal da Kwaddibuwa sun sayar da kaso mai yawa na kamfanoninsu na tarho a 1997. Nijar, wadda karyar da darajar sefa ta Janairun 1994 da nauyin bashi suka jigata, ta shiga shirin sayar da kamfanonin gwamnati tun zamanin Shugaba Ibrahim Ba'are Mainasara, bisa sharuɗɗan Bankin Duniya da Asusun Ba da Lamuni na Duniya. Saboda haka dokokin Oktoban 1999 cikon aiki ne da aka riga aka fara, gwamnatin Wanke ta kammala shi cikin watanni taran da ta yi kafin ta miƙa mulki ga Tandja Mamadu a watan Disamba na wannan shekara.

Abin da dokar 1999 ta ƙunsa

Dokar ta tsaya a kan ginshiƙai huɗu. Na farko shi ne raba ayyuka: ma'aikatar gwamnati ta tsara siyasa, hukumar sa ido ta yi alƙalanci, kamfanoni su yi kasuwanci, domin kada mai sayarwa ya zama shi ne mai yanke hukunci tsakaninsa da abokan gogayyarsa. Na biyu shi ne matakan izini, inda manyan ayyuka irin su kafa rezon salula, wato jerin eriyoyi da na'urorin da suke ɗaukar kira ta iska, suke buƙatar lasisi mai ɗauke da kundin sharuɗɗa, ƙananan ayyuka kuma izini ko sanarwa kawai suke buƙata. Lasisin yana da tsada ne saboda zangon iska da eriya take magana a kai dukiyar ƙasa ce mai iyaka, kuma idan kamfanoni biyu suka hau zango ɗaya muryoyinsu za su cakuɗe. Na uku shi ne haɗa layuka, wato tilasta wa kowane kamfani ya karɓi kiran da ya fito daga abokin gasarsa bisa kuɗin da aka ƙayyade, kuma wannan shi ne zuciyar dokar, domin idan babu shi sabon kamfani ba zai sami mai saye ba, tunda babu wanda zai yanki layin da ba ya kiran kowa sai masu irinsa. Na huɗu shi ne samar da sadarwa ga kowa, wanda ya tanadi asusun da kamfanoni za su riƙa zuba wani kaso na cinikinsu a ciki domin a kai waya wuraren da ba su da riba. Ginshiƙai ukun farko sun fara aiki cikin ƴan shekaru, na huɗun ne ya fi jinkiri, alhali shi ne ya fi shafar ƙauyuka irin na Yelu.

Hanyoyi biyu, sakamako biyu

Gwamnatin Tandja ta aiwatar da dokar ta hanyoyi biyu a lokaci guda. Hanya ta farko ita ce sayar da SONITEL, inda a watan Disambar 2001 aka miƙa kashi 51 cikin 100 na hannun jarinsa ga haɗin gwiwar Dataport, wanda ya ƙunshi kamfanin ZTE na ƙasar Sin da kamfanin zuba jari na LAAICO na Libiya, aka kuma bar masa babakeren wayar girke da kiran ƙasashen waje har zuwa ƙarshen 2004 domin ya sami sararin zuba jari. Alkawuran faɗaɗa layuka ba su cika yadda aka tsara ba, bashi ya taru, a watan Fabrairun 2009 gwamnati ta karɓe ragamar kamfanin, a 2012 majalisar dokoki ta mayar da shi mallakar ƙasa, sannan a 2016 aka haɗe shi da reshensa na salula, SahelCom, aka sami Niger Telecom. Wato a ƙarshe kamfanin ya koma inda ya fito, dalili kuwa shi ne babakere bai daina zama babakere ba don ya sauya hannu, kuma wanda ya san mai saye ba shi da wani wurin zuwa ba abin da zai sa ya yi gaggawa.

Hanya ta biyu ita ce ba da lasisin salula ga kamfanoni fiye da ɗaya. A ƙarshen shekarar 2000 Celtel da Telecel suka sami lasisi, Celtel ya fara aiki a watan Oktoban 2001, SahelCom da Telecel suka biyo baya, sannan a watan Nuwambar 2007 kamfanin France Télécom ya biya sefa biliyan 30 ya karɓi lasisin da ya haɗa salula da wayar girke da intanet, ya fara aiki da sunan Orange a 2008. Sunaye sun yi ta sauyawa bisa cinikin da ake yi a manyan biranen duniya: Celtel ya zama Zain a 2008 ya koma Airtel a 2010 bayan kamfanin Bharti na Indiya ya saye shi, Telecel ya zama Moov wanda Maroc Telecom ya mallaka daga 2015, Orange kuma ya sayar da reshensa na Nijar a 2019 ya zama Zamani Telecom. Abin da bai sauya ba shi ne kowannensu yana tsoron ɗan'uwansa ya riga shi kafa eriya a gari mai kasuwa, kuma wannan tsoro ne ya fitar da rezo daga manyan birane ya bi manyan hanyoyi zuwa kasuwannin kan iyaka, daga nan ya shiga karkara. Biyan kuɗi kafin kira ta hanyar kati ya cire wani tsohon shinge, domin manomin da ba shi da albashi ko adireshi ya sami damar sayen magana gwargwadon abin da ke aljihunsa, ko da na dala ashirin ne.

An auna tasirin wannan a kasuwannin hatsi. Masaniyar tattalin arziki Jenny Aker, wadda ta bi farashin hatsi a kasuwannin Nijar tsakanin 2001 da 2006, ta gano cewa shigowar salula ta rage tazarar farashi tsakanin kasuwanni da kashi 10 zuwa 16 cikin 100, kuma tasirin ya fi ƙarfi a kasuwannin da suke nesa da juna ko hanyarsu ba ta da kyau. Bayanin a fili yake: ɗan kasuwar da a dā sai ya biya kuɗin mota ya ɓata yini kafin ya san nawa tiyar gero take a wata kasuwa, yanzu kira ɗaya ya ishe shi, kaya kuma su nufi inda aka fi buƙatarsu. A yankin Gaya akwai wani farashi da ya fi na gero saurin motsi, wato canjin naira da sefa, wanda a kansa ribar duk abin da ya ƙetare iyaka take ratayawa, kuma salula ta sa mai sayar da rake a ƙauye yana iya jin canjin ranar kafin ya sallama kayansa. Ranar kasuwa a gari irin Malgoru, da ke kan hanyar Dosso zuwa Gaya, takan nuna sana'o'in da gasar ta haifa: mai cajin waya da faifan katakonsa cike da soket, janareta ko faifan hasken rana yana ba shi wuta, ya manna wa kowace waya lamba ya ba mai ita irinta, kusa da shi mai sayar da kati da mai gyara da mai tura waƙoƙi da wa'azi a memori. Daga baya aika kuɗi ta waya da ta kamfanoni irin su Nita da Al Izza ya rage dogaro ga direba, saƙon murya na WhatsApp kuma ya gaji aikin kaset ga wanda bai iya karatu ba.

Dokoki uku a kasuwa ɗaya

Maƙwabtan biyu, wato Nijeriya da Benin, sun bi hanya irin wannan a kusan lokaci ɗaya. Nijeriya, wadda ta kafa hukumar sa ido a kan sadarwa ta NCC tun 1992, ta yi gwanjon lasisin salula a watan Janairun 2001 a kan dala miliyan 285 kowanne, MTN da Econet suka fara aiki a watan Agusta na wannan shekara a ƙasar da layukan kamfanin gwamnati na NITEL ba su kai rabin miliyan ba, kuma shigowar Globacom a 2003 da lissafin daƙiƙa-daƙiƙa ta tilasta wa sauran barin cajin naira 50 a kan kowane minti ko da ba a cika shi ba. A 2003 ɗin ne kuma aka yi babbar dokar sadarwa ta Nijeriya. Benin ta ba kamfanoni da dama lasisi tun wajen 2000, amma a watan Yulin 2007 hukumarta ta katse MTN da Moov na tsawon makonni har sai da suka amince su biya sefa biliyan 30 kowanne, lamarin da ya nuna cewa gwamnatoci sun gane lasisi babbar hanyar kuɗin shiga ce.

Sakamakon shi ne Gaya da Malanbil ta Benin da Kamba, waɗanda a wajen ɗan kasuwa kasuwa ɗaya ce mai ƙofa uku, suna ƙarƙashin dokoki uku da hukumomi uku da lambobin ƙasa uku, wato 227 da 229 da 234. Eriya ba ta san iyaka ba, saboda haka a ƙauyukan gabashin Yelu waya takan kama rezon Nijeriya, a bakin kogi kuma ta kama na Benin, amma a wajen lissafi kiran ɗan'uwa da ke ƴan kilomitoci a hayi kiran ƙasar waje ne. Idan kuma layin Nijar ya hau eriyar wata ƙasa, ya shiga abin da ake kira yawo da layi, wanda kuɗinsa ya fi na gida nesa ba kusa ba. Jama'a sun warware matsalar da kansu ta hanyar yankar layin kowace ƙasa, abin da ya sa ƙananan wayoyi masu ɗaukar layi biyu ko uku suka sami karɓuwa sosai. Kamfanoni ma sun gwada: a ƙarshen 2007 Celtel ya shigar da Nijar da Nijeriya cikin tsarinsa na One Network, wanda ya ba mai layi damar ƙetarawa ba tare da ƙarin kuɗin yawo ba, sai dai Benin ba ta ciki domin kamfanin ba shi da reshe a can. Har yau Airtel yana Nijar da Nijeriya, MTN yana Nijeriya da Benin, Moov Africa yana Benin da Nijar, amma babu kamfanin salula ɗaya da ya haɗa ukun.

Ƙoƙarin gwamnatoci ya zo a makare, siyasa kuma ta sha gabansa. Ƙungiyar CEDEAO, wadda ake kira ECOWAS a Nijeriya, ta amince da dokokin daidaita tsarin sadarwa a Wagadugu a watan Janairun 2007, ta kuma fitar da ƙa'idar sauƙaƙa kuɗin yawo da layi a watan Disambar 2017, amma aiwatarwa ta yi ta tafiyar hawainiya. A farkon 2023 Nijar da Nijeriya suka sa hannu a Abuja a kan yarjejeniyar daidaita zangon iska a bakin iyaka. Ƴan watanni bayan haka aka yi juyin mulkin 26 ga Yulin 2023 a Nijar, aka rufe gadar Gaya da Malanbil, mutane da kaya suka koma jiragen ruwa, waya ta zama igiyar da ke haɗa mai kaya da mai jirgi da mai karɓa a hayi. A watan Nuwambar 2024 Nijar da Mali da Burkina Faso suka amince su cire kuɗin yawo da layi a tsakaninsu, a watan Janairun 2025 kuma ficewarsu daga CEDEAO ta tabbata. Wannan sassauci yana da amfani ga mazauna iyakar yamma, amma ƙasashe biyun da mutumin Yelu yake ciniki da auratayya da su ba sa cikinsa.

Inda gasar ta tsaya

Intanet ya fito da wani giɓi. Nijar ba ta da teku, saboda haka dole ta sayi hanya daga ƙasashen da wayoyin ƙarƙashin teku suke sauka a gaɓarsu, kuma ɗaya daga cikin manyan hanyoyinta ita ce wayar zaren gilashi, wadda take ɗaukar bayanai ta hasken da ke gudu a cikinta, da aka binne daga Yamai ta Dosso zuwa Gaya, ta shiga Benin ta haɗu da wayar teku ta SAT-3 da ta fara aiki a 2002. Lokacin da wannan waya ta lalace a wajen Kotonu a watan Yulin 2009, intanet ya tsaya ko ya yi rauni a Benin da Togo da Nijar da Nijeriya, abin da ya nuna haɗarin dogaro ga hanya ɗaya. Ga ƙauyukan da ke nesa da kwalta lamarin ya zama ga ƙoshi ga kwanan yunwa, domin bayanan ƙasa suna wucewa ta gefensu alhali a wasunsu sai mutum ya hau tudu ko ya nufi wani sanannen wuri a bayan gari kafin waya ta kama. Dalilin lissafi ne: turken eriya a inda babu lantarki yana buƙatar janareta ko hasken rana da mai gadi da hanyar kai mai, kuma kamfani ba zai kafa shi ba sai ya ga adadin masu kira da zai mayar masa da kuɗinsa.

Gwamnatocin da suka biyo baya sun sake fasalin doka sau biyu. A ƙarshen 2012 aka maye gurbin ARM da hukumar ARTP mai kula da sadarwa da wasiƙa kaɗai, a ranar 12 ga Yulin 2018 kuma aka yi doka mai lamba 2018-45 da ta gaji ta 1999, tare da mai lamba 2018-47 da ta kafa hukumar ARCEP. A 2020 Bankin Duniya ya amince da dala miliyan 100 domin shirin haɗa ƙauyuka da sadarwa, wanda ainihinsa biyan kamfanoni tallafi ne su je inda riba kaɗai ba za ta kai su ba, daga baya kuma aka ba Starlink izinin sayar da intanet na tauraron ɗan'adam, wanda ba ya buƙatar turke amma kuɗinsa ya fi ƙarfin yawancin manoma. A lokaci guda hannun hukuma ya ƙara nauyi a kan kasuwar: a 2013 an rufe layuka masu ɗimbin yawa da ba a yi musu rajista ba, harajin kiran da ke shigowa daga waje da aka soke a kasafin 2018 ya dawo a na 2019, rikicin haraji ya kai ga rufe ofisoshin Orange da Airtel a ƙarshen 2018, kuma an katse intanet na salula kusan kwana goma bayan zaɓen Fabrairun 2021. Kowane ɗaya daga cikin waɗannan matakai yana da hujjar da aka bayar a kansa, amma haraji a kan kiran waje ya fi ciwo a wurin da ƙasar wajen take bayan gona.

Dokar 1999 ta cika babban alkawarinta, domin cikin ƙasa da shekara ashirin Nijar ta tashi daga layuka kimanin 20,000 zuwa miliyoyin layukan salula, kuma hakan ya samu ne a ɓangaren da aka bar kamfanoni da yawa suka yi gogayya ƙarƙashin alƙali mai zaman kansa. Abubuwa biyu da suka rage ba kasuwa ce za ta yi su ba. Kai rezo da intanet ƙauyukan da ba su da riba aiki ne na asusun samar da sadarwa ga kowa, wanda ya wajaba a riƙa bayyana abin da ya shiga cikinsa da inda aka kashe shi, rage tsadar kira tsakanin Gaya da Kamba da Malanbil kuma aiki ne na yarjejeniya tsakanin hukumomin ƙasashe uku, wadda za a iya ƙullawa ko da siyasa ba ta daidaita ba. Har sai an yi waɗannan biyun, ɗan kasuwar Yelu zai ci gaba da biyan kuɗin layi uku domin ciniki a kasuwa ɗaya.